BAYANI: Tarukan da ake auna harsuna da kwamfuta, da yadda Hausa ta samu kujera a cikinsu

A watan Yulin 2023, dubban masana suka hallara a birnin Toronto na ƙasar Kanada domin taron shekara-shekara na ƙungiyar masu nazarin harshe da kwamfuta, wadda duniya ta fi sani da ACL. A gefen babban taron an gabatar da sakamakon wata gasa mai suna SemEval, inda ake ɗora wa ƙungiyoyin masu bincike matsala guda, kowa ya je ya gina manhajarsa, sannan a dawo a ga wadda ta fi ƙwarewa. Matsala ta 12 a jerin na wannan shekarar ita ce a miƙa wa na'ura gajeren saƙon Tuwita da aka rubuta da Hausa, ko Yarbanci, ko Swahili, ko Amharik, ta faɗi ko mai saƙon yabo yake yi, ko suka, ko kuwa magana ce kurum wadda ba ta karkata ko'ina ba.

Wanda ya jagoranci shirya wannan ɓangare shi ne Shamsuddeen Hassan Muhammad, malami a Jami'ar Bayero ta Kano wanda ya yi karatun digirin digirgir a Jami'ar Porto da ke Fotugal. Shi da abokan aikinsa daga ƙasashen Afirka da dama sun tattara saƙonni sama da 110,000 a harsuna 14, kuma masu jin kowane harshe ne suka zauna suka karanta saƙonnin ɗaya bayan ɗaya suna yi musu alama.

Labarin bai yi amo a gida ba, kuma ba abin mamaki ba ne. Irin waɗannan taruka ba su da shugabannin ƙasa, ba a sanya hannu kan yarjejeniya, maƙalun da ake karantawa kuma cike suke da lissafi. Amma duk wanda ya taɓa latsa maɓallin fassara a Facebook ya ga an mayar da gaisuwar ta'aziyya shirme, ko ya yi wa ChatGPT tambaya da Hausa ya samu amsa da Hausar da ba a taɓa ji a Kano ko Damagaram ba, to ya ɗanɗani sakamakon abin da ake yankewa a waɗannan zauruka. A can ake tsayar da ma'aunin da ake gwada na'urori da shi. Harshen da ba shi da ma'auni ba a gwada shi, wanda ba a gwada ba kuwa babu mai sanin an ɓata shi, balle a gyara.

Daga Yaƙin Cacar Baka

Fannin ya samo asali ne daga buƙatar leƙen asiri. A watan Janairun 1954, Jami'ar Georgetown da kamfanin IBM suka kira 'yan jarida a birnin New York, suka nuna musu kwamfuta tana fassara jimloli sama da 60 daga Rashanci zuwa Turanci. Kalmomi 250 kacal na'urar ta sani, da ƙa'idojin nahawu 6, kuma an zaɓi jimlolin da kyau don kada ta yi tuntuɓe. Duk da haka aka yi ta kururuta cewa nan da shekara 3 zuwa 5 an gama da matsalar fassara. Gwamnatin Amurka, wadda ke son karanta takardun kimiyyar Tarayyar Sobiyet, ta buɗe bakin aljihu.

A 1962 masu wannan aiki suka kafa ƙungiyarsu, da kalmar fassarar na'ura a cikin sunanta. A 1966 wani kwamiti da ake kira ALPAC, ƙarƙashin John Pierce na ɗakunan binciken Bell, ya fitar da rahoton da ya ce bayan duk kuɗin da aka kashe, fassarar na'ura ba ta kai ta mutum inganci ba, ba ta kuma fi ta arha ba. Kuɗi suka ƙafe. A 1968 ƙungiyar ta cire fassarar na'ura daga sunanta, ta zama ACL ɗin da aka sani yau.

Daga baya wasu tarukan suka biyo. COLING ya fara a 1965, EMNLP a 1996, sai LREC, wanda ya fi mayar da hankali kan tattara kayan aikin harshe, ya fara a birnin Granada na Sifaniya a 1998.

Abin da ya bambanta su da sauran taruka

A yawancin fannonin ilimi, kamar likitanci ko tarihi, mujalla ce ke ɗauke da nauyi, taro kuwa wurin haɗuwa ne da musayar ra'ayi. A kimiyyar kwamfuta abin ya juya. Maƙalar da aka karɓa a ACL ko EMNLP ita ce cikakkiyar wallafa, da ita ake samun aiki, da ita ake samun ƙarin girma, da ita ake neman tallafin bincike.

Mai bincike yakan aika maƙalarsa ba tare da sunansa a kai ba. Masana aƙalla 3, waɗanda shi ma bai san su ba, su karanta su ba da maki, wani babba ya duba hukuncinsu. A manyan tarukan, kusan maƙala 1 cikin 4 ko 5 ce take tsallakewa. Wadda ta tsallake sai a sa ta a rumbun ACL da ke intanet, inda kowa zai iya karantawa kyauta, kuma wannan abin a yaba ne ganin yadda wasu mujallun ke sayar da maƙala guda a kan daloli masu yawa. Sai dai akwai sharaɗi: dole ɗaya daga cikin marubutan ya biya kuɗin rajista ya gabatar da aikin.

Tasirin abin da ake gabatarwa yana saurin isa aljihun mutane. Tsarin da ake kira Transformer, wanda shi ne ƙashin bayan ChatGPT da takwarorinsa, ma'aikatan Google ne suka gabatar da shi a taron NeurIPS na 2017. Manhajar BERT ta lashe kyautar maƙala mafi kyau a taron reshen ACL na Arewacin Amurka a 2019, kuma a wannan shekarar Google ya fara amfani da ita wajen fahimtar tambayoyin masu bincike a shafinsa.

Mai riƙe da mudu

Don a gane dalilin da ya sa gasar Toronto take da muhimmanci, sai an gane yadda na'ura ke koyon harshe a yau. Ba a zaunar da ita a koya mata nahawu kamar ɗan aji uku. Ana tura mata misalai ne masu ɗimbin yawa, ta yi ta lura da abin da ke biyo bayan wani, har ta iya hasashe. Idan ana so ta gane sunayen mutane da garuruwa a cikin labari, sai mutane su ɗauki dubban jimloli su yi wa kowane suna alama. A ba ta kaso mafi yawa ta koya, a ɓoye wani kaso a matsayin jarabawa. Makin da ta ci a wannan jarabawa shi ne ake bugawa a maƙala, shi ne kuma na gaba zai yi ƙoƙarin zarcewa.

Ke nan wanda ya haɗa jarabawar shi ne mai riƙe da mudu a kasuwa. Duk abin da ya zuba a cikinta, shi duniya za ta yi shekaru tana gogayya a kai.

Tarihi ya nuna haka ƙarara. A farkon shekarun 1990, Jami'ar Pennsylvania ta fitar da wani kundi na kalmomi kusan miliyan 1 daga jaridar kasuwanci ta Wall Street Journal, an feɗe kowace jimla bisa nahawu. Shekara da shekaru, duk mai son nuna cewa manhajarsa ta iya nahawu, da wannan kundi yake gwadawa. Sakamakon shi ne na'urori suka ƙware a Turancin 'yan hannun jarin Amurka na ƙarshen shekarun 1980, aka kuma riƙa kiran wannan ƙwarewa da sunan fahimtar harshen ɗan Adam. Haka gasar gane sunaye ta 2003, wadda aka daɗe ana dogaro da ita, Turanci da Jamusanci kawai ta ƙunsa.

Abin ya yi ƙamari har Farfesa Emily Bender ta Jami'ar Washington ta riƙa nanata wata ƙa'ida da yanzu ake kira da sunanta: mai bincike ya faɗi sunan harshen da ya yi aiki a kai, ko da Turanci ne. Dalilinta shi ne maƙalu da yawa ba sa ma ambaton cewa Turanci suka nazarta, kamar dai Turanci shi ne harshe, sauran kuwa reshe.

A taron ACL na 2020, Pratik Joshi da abokansa suka kasa harsunan duniya sama da 2,000 gida 6 bisa yawan kayan aikin da kowane ke da shi. Harsuna 7 kacal suka samu shiga gidan farko na masu wadata. Kusan kashi 88 cikin 100 suka faɗa gidan ƙarshe, na waɗanda kusan babu komai a kansu. Abin lura shi ne yawan masu magana ba shi ne ke ba harshe matsayi ba. Ƙasar Iceland ba ta kai mutum 400,000 ba a lokacin da gwamnatinta ta ware kuɗi na musamman don gina wa harshenta kayan aikin kwamfuta. Hausa mai gomman miliyoyin masu magana, daga Sakkwato zuwa zangon Kumasi, ba ta samu irin wannan gata ba. A gasar fassara ta WMT ta 2021 aka saka harsunan biyu a jerin waɗanda za a fafata a kansu, a shekara ɗaya.

Inda Hausa ke kayar da na'ura

Wasu matsalolin Hausa ba sa bayyana sai ga mai jin ta. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Kalmar gari tana iya zama birni, tana iya zama abin tuwo. Kuka na iya zama hawaye ko bishiya. Fari na iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko mafarin abu. Bahaushe ba ya ko tsayawa tunani, domin jimlar ta riga ta gaya masa. Na'ura kuwa sai ta ga misalai masu yawa na kowace ma'ana kafin ta fara rarrabewa.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Mafi yawan masu rubutu a waya ba sa wahalar da kansu da ɓ da ɗ da ƙ, don haka ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata, wadda kuma wani zai rubuta yana nufin ba ta. Abin da ake rubutawa 'ya'ya a Nijeriya, a Nijar da ƴ ake rubuta shi. Ga kwamfuta waɗannan kalmomi ne daban, sai an nuna mata cewa abu ɗaya ne. Ga surkin Turanci a saƙon ɗan Kaduna, da na Faransanci a na ɗan Maraɗi, duk a jimla guda. Rubutun ajami kuwa, wanda ya girmi boko nesa ba kusa ba, yawancinsa yana nan a takardun hannu da na'ura ba ta taɓa gani ba.

Mafi wuya shi ne abin da ke bayan kalma. Idan mace ta rubuta wa kishiyarta sannu da ƙoƙari, kalmomin na yabo ne, manufar kuwa Allah ya sani. Habaici da zambo da gugar zana duk an gina su ne a kan faɗin abu ana nufin wani. Shi ya sa a ayyukan tantance ra'ayi irin na AfriSenti ba a barin hukunci ga mutum ɗaya: mutum 3 ke karanta kowane saƙo, a ɗauki abin da rinjaye ya tsaya a kai. Inda masu harshen da kansu suka saɓa, babu dalilin tsammanin na'ura za ta fi su.

Wannan ba wasan masana ba ne kawai. Kamfanonin sada zumunta suna dogaro da irin waɗannan manhajoji wajen zaƙulo kalaman ƙiyayya da tunzura jama'a, tun da babu yawan ma'aikatan da za su iya karanta duk abin da ake wallafawa. A 2018, binciken sashen Africa Eye na BBC ya nuna yadda hotuna da labaran ƙarya da aka yaɗa a Facebook suka ƙara rura wutar rikici a Jihar Filato, bisa abin da 'yan sanda da sojoji suka shaida wa masu binciken. Manhajar da ba ta jin harshen da ake zuga mutane da shi ba za ta ga wutar ba sai ta ci gida. Kuma tana iya yin kuskuren ta ɗaya gefen, ta rufe shafin wanda bai yi laifin komai ba.

Akwai ma batun kuɗi. Manyan manhajojin hira suna datsa rubutu ƙanana-ƙanana kafin su karanta, kuma da yawan gutsattsarin ake lissafa kuɗin amfani. Orevaoghene Ahia da abokanta sun nuna a taron EMNLP na 2023 cewa harsunan da ba a koya wa na'urar sosai ba sukan fi datsewa, don haka masu su na biyan kuɗi fiye da mai Turanci a kan saƙo iri ɗaya, su kuma samu amsa mafi rauni.

Yadda aka buɗe ƙofa

Ba a 2023 aka fara taɓa Hausa da kwamfuta ba. A 2012 masu bincike daga cibiyar fasaha ta Karlsruhe a Jamus sun gabatar da aikin gane maganar Hausa, da muryoyin da suka naɗa a Kamaru. A Disambar 2013 Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara, tare da Yarbanci da Ibo. Hukumar binciken ma'aikatar tsaron Amurka, DARPA, ita ma ta sa an tattara rubutun Hausa a ƙarƙashin wani shiri na harsuna marasa kayan aiki. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne daga waje aka tsara su, don buƙatar waɗanda suka tsara. Bahaushe yakan shigo ne a matsayin mai karanta jimla a gaban makirufo ko mai fassara da ake biya, ba mai yanke shawarar abin da za a bincika ba.

Sauyin ya faro daga wani taro na cikin gida. A 2017 aka fara Deep Learning Indaba a Johannesburg, taron koyar da matasan Afirka ƙirƙirarriyar basira, wanda daga baya ya zagaya Nairobi da Tunis da Accra da Dakar. Daga cikin mahalartansa aka samu gungun da ya kafa Masakhane, kalmar Zulu mai nufin mu gina tare. Ba su da ofis na a zo a gani. Ɗalibai ne da malamai da injiniyoyi da masu fassara, suna haɗuwa ta intanet, kowa ya ɗauki harshensa.

Maƙalarsu ta 2020 a EMNLP ta ja hankali tun daga layin marubuta, domin a gurbin sunan jagora sun sa alamar lissafi mai nufin kowa da kowa. Hujjarsu ita ce ƙarancin kayan aikin harsunan Afirka matsala ce ta mutane kafin ta zama ta fasaha: masu harshen ba sa cikin ɗakin da ake aikin. A 2021, David Adelani ya jagoranci fitar da MasakhaNER, jarabawar gane sunaye a harsuna 10 har da Hausa, wadda aka ɗebo jimlolinta daga labaran Muryar Amurka. Shekara guda bayan haka aka faɗaɗa ta zuwa harsuna 20. A 2022, a taron LREC na birnin Marseille a Faransa, aka gabatar da NaijaSenti mai saƙonni kusan 30,000 a kowane ɗaya daga harsunan Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin buroka. Shi ne tushen gasar Toronto. A wannan taron ne kuma Idris Abdulmumin na Jami'ar Ahmadu Bello da abokansa na gungun HausaNLP suka gabatar da tarin hotuna masu ɗauke da bayani da Hausa.

Amfanin waɗannan ayyuka ya wuce maƙalun kansu. Da zarar jarabawa ta shiga rumbun da kowa ke ɗiba, duk kamfanin da ya fito yana iƙirarin manhajarsa na jin harsuna 100, ana iya ɗauko ta a gwada shi a bainar jama'a. Kafin wannan, sai dai a yarda da abin da ya faɗa.

Biza da canjin dala

Samun karɓuwar maƙala rabin tafiya ne. Sauran rabin yana ofishin jakadanci. A 2018, lokacin da aka yi NeurIPS a Montreal, an hana masu bincike da yawa daga Afirka bizar Kanada, ciki har da waɗanda ƙungiyar Black in AI, wadda Timnit Gebru da Rediet Abebe suka kafa, ta gayyata kuma ta ɗauki nauyinsu. A 2019 a Vancouver abin ya sake faruwa. Fitaccen masanin nan na Montreal, Yoshua Bengio, yana cikin waɗanda suka fito suka soki lamarin, kuma wannan na daga dalilan da suka sa aka tsayar da Adis Ababa a matsayin masaukin taron ICLR na 2020. Annobar korona ta mayar da taron kan intanet. Sai a watan Mayun 2023 aka yi shi a Kigali, babban birnin Ruwanda, karo na farko da ɗaya daga manyan tarukan ƙirƙirarriyar basira ya sauka a Afirka. LREC ya taɓa zuwa Marrakesh ta Moroko tun 2008, amma yawancin tarukan harshe na ci gaba da zagayawa tsakanin Turai da Arewacin Amurka da Asiya.

Ko an samu biza, akwai tikitin jirgi da masauki da rajistar da ke kai ɗaruruwan daloli. A watan Yunin 2023, wata guda kafin taron Toronto, Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin naira. Dalar da ake samu a kan kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, albashin malamin jami'a kuwa bai bi ta ba. Masu shirya tarukan na ba da tallafi da rangwame, ana kuma barin gabatarwa ta bidiyo. Sai dai duk wanda ya san yadda ake hulɗa a irin waɗannan wurare ya san cewa a wajen shan shayi da bakin allunan maƙalu ake ƙulla haɗin gwiwa, a can ake jin labarin gurbin karatu. Mai gabatarwa daga Zariya ta bidiyo, da intanet mai yankewa da wutar da ba ta da tabbas, yakan gama jawabinsa na minti 10 ya rufe kwamfuta ba tare da ya san ko mutum nawa suka saurare shi ba.

Wannan na da wani sakamako da ba a cika faɗa ba. Da yawa daga fitattun sunayen da ke kan maƙalun harsunan Afirka suna zaune ne a jami'o'in Jamus da Kanada da Birtaniya da Amurka, inda ake da manyan kwamfutoci da kuɗin tafiya. Aikin na 'yan gida ne, amma adireshin da ke ƙarƙashin sunan sau da yawa na waje ne.

Idan mudun da kansa ya lotse

Shigar harshe cikin jerin sunaye ba ta nufin an yi masa adalci. Manyan rumbunan rubutu da ake koyar da na'urori da su, manhaja ce ke kwaso su daga intanet, ita ce kuma ke hasashen harshen kowane shafi. A wani bincike da mujallar TACL ta ACL ta wallafa a 2022, Julia Kreutzer da gomman abokan aiki, da yawansu 'yan Masakhane, suka zauna suka karanta samfuri daga tarin rubutu 205 da idonsu. Aƙalla 15 daga ciki ba su ƙunshi ko jimla ɗaya mai amfani ba. A wasu da dama, abin da ya cancanta bai kai rabi ba. Shekaru ana koyar da na'urori da wannan tarkace, ana buga maki, babu wanda ya buɗe ya duba, saboda babu mai jin harshen a cikin masu aikin.

Wani ɓangare mai yawa na tsabtataccen rubutun da ake da shi kuma na addini ne. Kundin JW300, wanda aka gabatar a ACL na 2019 kuma aka dogara da shi sosai a farkon fassarar harsunan Afirka, daga wallafe-wallafen Shaidun Jehobah aka ɗebo shi, daga baya aka janye shi saboda batun haƙƙin mallaka. Na'urar da ta koyi harshe daga irin wannan kundi za ta iya fassara wa'azi, ta kuma ruɗe a kan bayanin maganin zazzaɓin cizon sauro ko farashin taki.

Misalin da ya fi shafar Hausa kai tsaye shi ne na FLORES, jarabawar fassara da kamfanin Meta ya fitar, wadda da ita aka auna manhajarsa mai harsuna 200 a 2022, kuma kusan duk mai aikin fassara ke amfani da ita. A taron WMT na 2024, Idris Abdulmumin da abokansa suka gabatar da sakamakon bibiyar da masu harshe suka yi wa ɓangarorin Hausa da Zulu da Tsonga da Sotho ta Arewa. Sun samu kurakurai masu yawa a fassarar da ake ɗauka ita ce amsar daidai, suka gyara su. Ma'anar wannan ita ce an yi shekaru ana ba na'urori maki bisa kusancinsu da Hausar da ita kanta ba daidai take ba. Manhajar da ta fassara jimla da kyau na iya rasa maki, wadda ta kwaikwayi kuskuren ta samu.

Tambayar da ta rage a buɗe ita ce ta mallaka. Yawancin waɗannan kayan aiki ana sakin su kyauta, da niyya mai kyau, don ɗalibi a Katsina ya samu abin aiki. Amma kyautar ta haɗa da kamfanonin da suka fi kowa kuɗi a duniya, waɗanda za su iya ɗiba su inganta hajarsu su sayar wa masu harshen. Labaran da aka kwaso daga gidajen jaridu, da saƙonnin da mutane suka rubuta ba da sanin za su zama darasin na'ura ba, da guntun ladan da ake biyan masu yin alama, duk batutuwa ne da yanzu ake muhawara a kansu a bitar AfricaNLP, wadda ake yi kowace shekara tun 2020 a gefen ɗaya daga manyan tarukan.

Gwamnatoci sun fara leƙowa. A watan Afrilun 2024 ministan sadarwa na Nijeriya, Bosun Tijani, ya sanar da shirin gina babbar manhajar harshe ta ƙasa tare da wani kamfanin cikin gida. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki, matakin da zai buƙaci fassarar dokoki da takardun hukuma masu yawan gaske. Duk manhajar da za ta fito daga irin waɗannan shirye-shirye, da jarabawar da aka gabatar a Marseille da Toronto, da FLORES ɗin da aka gyara a 2024, za a gwada ta.

A taron ACL na 2025 a birnin Vienna, kundin BRIGHTER, wanda ke gwada na'ura wajen gane fushi da tsoro da murna da baƙin ciki a harsuna 28 har da Hausa, ya samu kyautar maƙala mafi kyau a ɓangaren kayan aiki. Sunan farko a jerin marubutansa shi ne na malamin Jami'ar Bayero da ya shirya gasar Toronto.